Kafin ka ƙara wa motarka ƙarfe

Mu mutane ne masu yarda da ƙarfe. In aka ce ƙofa ta ƙarfe ce, hankalin mai gida ya kwanta, in kuma gado ne, uwar amarya ta san ta yi sayayya. Wannan yarda muka ɗauko muka kai kan mota, har ya zama duk abin da aka ƙara mata na ƙarfe muna lissafa shi cikin ƙarin ƙarfi da tsaro. Mai bin titunan Kano ko Kaduna ko Abuja ya san yadda motocin a-kori-kura, musamman Hilux, suka cika da lanƙwasassun bututun ƙarfe masu ƙyalli a bayan gidan direba. Samari masu wasa da mota su ma sun shiga sauya sandar da ke ƙarƙashin ƙananan motocinsu da wadda ta fi ta kauri.

Na daɗe ina karanta abin da ya sawwaƙa game da ƙirar mota, na kuma sha zaman jira a garejin masu gyaran ƙafa, kuma a ganina wannan yarda tana buƙatar gyara. Mota a kan tayoyi huɗu take tsaye, kuma abin da ke taɓa kwalta daga kowace taya bai fi faɗin tafin hannu ba. Taka birki da shan kwana da kauce wa rami duk a kan waɗannan tafuka huɗu suke faruwa. Ƙarfen da aka ƙara ba ya ƙara musu faɗi. Abin da yake yi shi ne sauya yadda nauyi ke rabuwa a tsakaninsu. Wanda ya sauya wannan rabo bai koma ya auna ba, ya ɗauki kasadar da bai san girmanta ba, kuma ba shi kaɗai ke cikin motar ba.

Da farko sai an warware wani ruɗani. Abubuwa biyu ne ake kira da suna ɗaya, wato rol-ba, alhali kama da wane ba ta wane. Na farko a sama yake: bututun ƙarfe ne da aka lanƙwasa kamar baka, ake kafa shi bayan kujerar direba domin in mota ta kife kada rufi ya danne mutanen ciki. Na biyu a ƙasa yake, ba a ganinsa sai an leƙa: sanda ce da ta haɗa ƙafar hagu da ta dama, wadda makanikai ke kira sitabilaiza. Aikin na sama yana farawa ne bayan mota ta wuntsila. Aikin ta ƙasa kuwa rage karkacewar mota ne a kwana tun tana kan ƙafafunta. Kowannensu yana taɓa tafiyar mota, amma ta hanya daban.

Bari in fara da ta ƙasa. Tsohuwar dabara ce, domin tun a shekarar 1919 aka ba wani ɗan Kanada mai suna Stephen Coleman takardar mallakar fasaharta. Tsakiyar sandar tana riƙe a jikin mota cikin robobi biyu, kawunanta biyu kuma sun lanƙwasa sun haɗu da ƙafafu ta wasu gajerun hannuwa da ake kira linkej. In tayoyin biyu suka hau tudun rage gudu a tare, sandar takan juya ne kawai cikin robobinta, ba ta yin aikin komai. Amma a kwana, jikin mota yakan kwanta a kan tayar waje ya ɗaga daga kan ta ciki, sai sandar ta murɗe kamar yadda mai wanki ke murɗe zane. Turjiyar da take yi wa wannan murɗewa ita ce ke hana motar kwanciya da yawa.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren fahimta. Jimlar nauyin da ke tashi daga tayoyin ciki ya koma kan na waje a kwana, nauyin motar ne ke yanke shi, da tsawon cibiyar nauyinta daga ƙasa, da tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, da kuma gudun da aka shigo da shi. Kaurin sanda ba ya rage wannan jimla sai ɗan abin da ba a rasa ba. Abin da yake iya yi shi ne zaɓen wanda zai ɗauki kaso mafi tsoka, gaba ko baya. Taya kuwa tana da halin ɗan dako: in ka ninka mata kaya, ƙarfin riƙonta ba ya ninkuwa. 'Yan dako biyu da kowanne ya ɗauki buhu ɗaya sun fi saurin isa a kan a jibga wa ɗaya buhu biyu, ɗayan na biye da hannu sake. Saboda haka duk ɓangaren da aka ƙara wa kaurin sanda, rabon nauyi tsakanin tayoyinsa biyu yana ƙara zama na rashin adalci, kuma shi zai fara sakin kwalta.

In sandar gaba ce aka ƙara wa ƙarfi, gaban mota ne zai fara zamewa: direba ya murza sitiyari, mota ta ƙi shan kwanar yadda ya nema, ta riƙa buɗewa waje. In ta baya ce, bayan motar ne zai kwashe, ta nemi juyowa ta fuskanci inda ta fito. Da gangan masu ƙera motocin jama'a ke karkata tsarinsu zuwa hali na farko, domin abin da direba ke yi in ya tsorata, wato ɗaga ƙafa daga totur, shi ne maganinsa. A hali na biyu kuwa, ɗaga ƙafar ƙara ta'azzara lamarin yake yi, kuma ceto yana buƙatar hannun da ya saba. Saurayin da ya sa sanda mai kauri a bayan motarsa domin ta ji daɗin juyi a fili, da wannan motar zai sauko Hawan Kibo cikin ruwan sama, da mahaifiyarsa a kujerar baya.

Wani abin lura shi ne ido ba ya iya ƙiyasta ƙarfin sanda. Ƙarfin murɗewarta yana hawa ne da kaurinta ninki huɗu a lissafin haɓaka, wato a ninka kaurin da kansa har sau huɗu. In aka cire sanda mai kaurin milimita 20 aka sa mai 22, an ƙara ƙarfi da kimanin kashi 46 cikin ɗari. In aka sa mai 24, ƙarfin ya haura ninki biyu. Mai sayar da kayan gyara a Ƙofar Ruwa ko Panteka zai iya miƙo maka sanda ya ce ai kusan ɗaya suke, kuma da gaskiyarsa ta fuskar gani, amma milimita huɗu sun isa su sauya halin mota gaba ɗaya.

Tarihi ya nuna rashin sandar ma yana da nasa sakamako. A ƙarshen 1959 kamfanin Chevrolet na Amurka ya fito da mota mai suna Corvair, mai inji a baya, ba tare da sandar gaba ba. Don a rufe giɓin, sai aka umarci masu ita su sa wa tayoyin gaba iska kaɗan, na baya kuma da yawa, ƙa'idar da masu faci da masu motar suka riƙa mantawa. Lauya Ralph Nader ya yi wa motar kaca-kaca a littafinsa na 1965. Kafin lokacin, a ƙirar 1964, kamfanin ya riga ya mayar da sandar dole a kowace Corvair. Daga baya, a 1972, binciken hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ya ce motar ba ta fi takwarorinta na wancan zamani muni ba, amma sunanta ya riga ya ɓaci. Ina tuna wannan labari duk lokacin da na ji makanike ya kwance linkej mai ƙara ya jefar, yana cewa ai ba ya aikin komai. A tafiyar cikin gari da gudun kilomita 40 ba za a ji bambanci ba. Ranar da akuya ta faɗo titi ana gudun 100, a ranar za a nemi sandar a rasa.

Sai dai hanyoyinmu ma suna da nasu hukunci. Tun da sandar ta ɗaure ƙafafu biyu, duk ramin da tayar dama ta faɗa, ta hagu sai ta ji a jikinta. Sanda mai kauri a hanya mai gargada tana sa mota ta riƙa jijjiga kawunan fasinja hagu da dama, a kwazazzabo kuma takan bar taya ɗaya a rataye ba ta taɓa ƙasa. Shi ya sa Jeep Wrangler Rubicon ke da maɓallin kwance sandar gaba in za a shiga daji, wasu ƙirar Land Cruiser kuma ke da tsarin KDSS mai sassauta ta da kansa. Abin da aka ƙera don shimfiɗaɗɗen filin tsere a Turai bai san hanyar kasuwar ƙauye da damina ba.

To, ina batun saitin ƙafa, wanda muke kira alaimen? Kusurwa uku ake aunawa. Akwai kamba, wato jinginar kan taya ciki ko waje in ka dube ta daga gaba. Akwai kasta, wato karkatar ginshiƙin da taya ke juyawa a kansa, wadda ke dawo da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana. Sai ta uku, fuskantar tayoyin: ko suna kallon juna kaɗan, ko kowacce na kallon waje. A yawancin motocin yau, sandar ƙasa ba ta riƙe da ko ɗaya daga cikin kusurwoyin nan, don haka a ƙa'ida sauya ta ba ya ɓata saiti. Amma aikin sauyawar kansa yana iya ɓatawa, ta ƙofofi uku da na sani.

Ƙofa ta farko, a ƙananan motoci da yawa masu jan gaba, ba a iya zare sandar sai an sassauta ko an sauke ƙaramin shasin da ke ɗauke da hannuwan ƙafa da akwatin sitiyari. In aka mayar da shi ya goce ko da milimita biyu ne, saiti ya tafi. Ƙofa ta biyu ita ce linkej da tsawonsu bai zo ɗaya ba, ko waɗanda aka ɗaure da ƙarfin tsiya mota na rataye a jak ta gefe ɗaya. Sandar takan zauna a murɗe tun mota na tsaye, tana danna wata taya tana ɗage wata, sai motar ta riƙa shan kwanar dama daban da ta hagu. Ƙofa ta uku ta shafi wasu tsofaffin ƙira inda sandar kanta ke riƙe da hannun ƙafa kada ya yi gaba ko baya. Haka tsarin Ford Consul yake a farkon shekarun 1950, haka kuma tsohuwar Marsandi ƙirar W123, wadda har yau ana ganin ragowarta a titunanmu. A irin waɗannan, robar sanda da ta ci ko sandar da ta lanƙwashe tana sauya kasta kai tsaye.

Kada mai karatu ya raina ƙaramin kuskure a saiti. Tayar da fuskarta ta goce da rabin digiri ana jan ta ne a kaikaice kusan mita 9 a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 230, an goga ta a kwalta ta gefe har kusan kilomita biyu. Wanda ya san kuɗin taya a yau ya san wannan ba ƙaramar asara ba ce, ga ƙarin shan mai, ga kuma tayar da gefenta ya cinye tana jiran zafin kwaltar watan Afrilu.

Yanzu mu hau sama. Ƙarfen kariya na gaskiya ya ceci rayuka masu yawa, ba na jayayya da wannan. Ƙasar Suwidin ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci tun 1959, kuma mutuwar manoma ta hanyar kifewar tarakta ta ragu ƙwarai. A 1989 Marsandi ta fito da SL mai buɗaɗɗen rufi wadda ƙarfenta ke ɓoye, ya miƙe da kansa cikin kashi uku cikin goma na daƙiƙa in motar ta ji alamar kifewa. Amma ko a inda aka fi ƙwarewa, abin ba wasa ba ne. A watan Yulin 2022, a tseren Fomula Wan na Ingila, motar direban nan ɗan ƙasar Sin, Zhou Guanyu, ta kife, ƙarfen da ke bayan kansa ya karye, sai zoben kariyar da ke kewaye da kansa ne ya zama sanadin tsirarsa. Bayan haka hukumar tseren ta tsaurara gwajin da ake yi wa ƙarfen. In wanda injiniyoyi suka auna suka gwada zai iya karyewa, me za a ce game da siririn bututu mai ƙyalli da aka ɗaure da noti huɗu a leɓen bodin a-kori-kura? Yawancin irin waɗannan na ado ne. A jikin falle suke, ba su kai ga shasi ba, kuma masu ƙera su na kirki sukan faɗi haka a takardarsu.

Tasirin ƙarfen sama a kan tafiyar mota ta hanyar nauyi yake zuwa. Mu ƙaddara a-kori-kura mai nauyin kilo 2,000, cibiyar nauyinta na santimita 70 daga ƙasa. In aka kafa mata ƙarfe mai kilo 50 a tsawon mita ɗaya da rabi, cibiyar za ta hau zuwa kusan santimita 72. Wannan kaɗan ne. Matsalar ita ce ƙarfen yakan zama gayyata. Da zarar an samu wurin ɗaurewa, sai a shimfiɗa masa ragar kaya, a ɗora safaya da jarkoki da buhuna. Kilo 300 a tsawon santimita 180 zai kai cibiyar kusan santimita 86, kuma ƙarfin turin gefe da motar za ta jure kafin ta ɗaga ƙafa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Turin kuwa da ninkin gudu yake tafiya: kwanar da aka sha da 60, in aka sha ta da 85 turin ya ninka, da 120 kuma ya zama ninki huɗu. A 1997 wata mujallar motoci ta Suwidin ta kifar da sabuwar Marsandi A-Class, doguwa mai ƙaramin gindi, a gwajin kauce wa dabba. Sai da kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya rage tsawonta daga ƙasa, ya sake tsarin ƙafafunta, ya ƙara mata na'urar hana zamewa.

Na ga irin wannan a gida. Wani ƙanina ya sa wa a-kori-kurarsa ƙarfe da ragar kaya, bayan 'yan watanni ya ga tayoyin gaba suna cinyewa ta gefe ɗaya, sitiyari kuma ya yi sakayau a babban titi. Ya rantse babu wanda ya taɓa ƙafar motar. Dattijon da muka kai wa ya zagaya ta sau ɗaya, ya dafa bodin da ya zauna, ya ce, "Alhaji, ƙarfen bai taɓa ƙafa ba, amma abin da ka ɗora masa ya taɓa." Gaskiya ya faɗa. In baya ya zauna, gaba yakan ɗaga, hannuwan ƙafar gaba su sauya tsayuwa, kamba da fuskar taya su bi su. Saitin da aka yi wa motar tana wofi ba shi ne take tafiya da shi ba in ta yi lodi.

A ƙaramar mota, wadda jikinta shi ne shasinta, akwai ƙarin abin lura. Ƙarfen da aka yi wa walda a ciki yana ƙara wa jikin tauri, wannan kuma yana sa ƙafafu su yi aikinsu daidai, sitiyari ya ƙara kaifi. Amma zafin walda yana jan ƙarfe. In aka yi aikin mota na tsaye a ƙasa mai tudu da kwari, ko tana ɗage a jak ta kusurwa ɗaya, an daskarar da murɗewar jikinta ke nan har abada, kuma babu mai alaimen da zai iya warware ta da sifana. Sannan masu tsere da hular kwano da ɗamara mai ɗauri da yawa suke shiga cikin irin wannan keji. Kan da babu hula, kusa da bututun da ba a naɗe da soso mai tauri ba, zai iya fashewa a ɗan karon da ba don ƙarfen ba da kowa ya fito lafiya. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Haka kuma, ƙarfen kariya ba ya amfanar wanda bai ɗaura bel ba, domin mota na fara juyawa za ta cilla shi waje. Balle fasinjojin da ke tsaye a bodi suna riƙe da shi, kamar yadda muke gani ranar kasuwa da lokacin yaƙin neman zaɓe.

Ba hana kowa gyara motarsa nake yi ba. Abin da nake roƙo shi ne mai mota ya fara tambayar kansa wace matsala yake son magancewa. In mota na kwanciya da yawa a kwana, a fara duba shokabzoba da robobi da linkej da iskar taya, domin sau da yawa a nan cutar take. In lallai sai an sauya sanda, a nemi mai kaurin da aka ƙera motar da shi, a auna da ma'auni, a ƙarasa ɗaurin motar na tsaye da nauyinta a daidaitacciyar ƙasa. In ƙarfen sama ake so don kariya, ya sauka a kan shasi ko a kan faranti masu kauri, ya kuma sami tokari ta baya. In na ado ne, a san na ado ne, kada a rataya masa rai ko kaya. Bayan kowane irin aiki, a kai mota alaimen da irin lodin da ta saba ɗauka, a nemi ganin lambobin kafin gyara da bayansa, sannan a gwada ta a hankali a fili kafin a hau babbar hanya.

Ina kuma kira ga jami'an duba lafiyar motoci da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, su riƙa sunkuyawa suna leƙa ƙarƙashin motocin haya, domin linkej da aka cire ba ya bayyana a takarda. Ƙungiyoyin makanikai da masu walda su ma suna da rawar takawa wajen koya wa yaransu cewa akwai aikin da ba a sallamar mai shi sai an ce masa ya wuce wurin saiti. Fasinjan da ya biya kuɗin mota a tasha bai san abin da aka cire ko aka ƙara a ƙarƙashin kujerarsa ba, amana ce ya bayar. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta, Ya kuma kiyaye mana hanya.